Ranar da Na Kai Muryar Gwaggo Daji

Assalamu alaikum masu karatu, manyanku da ƙananku, har da ku 'yan bokon nan da ba ku yarda da komai sai an nuna muku a waya. Abin da zan ba ku wallahi tallahi da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma da furfurata ba zan zauna in shirya muku ƙarya a kan mage ba, in da ƙarya zan yi ai da zaki zan ɗauko.

A lokacin ina gyaran rediyo a Rano, 'yar rumfata tana bakin kasuwa, shekarun nan da soja suka koma bariki farar hula suka hau, ana ta ɗokin shari'a, kowa ya tsayar da gemu har wanda haɓarsa ba ta da abin tsayarwa. Bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya, a nan ni da hedimasta muka rabu lafiya, shi ya gaji ni ma na gaji, amma duk da haka Injiniya ake ce min a layinmu, kuma ina amsawa ba kunya ba tsoron Allah. Kaset ɗin kiɗa ya zama abin ɓoyo a lokacin, sai na wa'azi da na karatu, don haka rabin abincina a ɗaukar murya yake: mutanen ƙauye su zo in danna musu rikoda, su yi gaisuwa da ƙorafi, a aika wa ɗansu da ke ci-rani a kudu ko a Makka. Ku riƙe wannan, zai dawo.

A gidana akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni tun ina rarrafe. Da yake sunan mahaifinta aka sa min, bakinta bai taɓa kama sunana ba, Babana take ce min, kuma duk duniya ita kaɗai ke kirana haka. Tsufa ya zo mata da yanar ido har ganin ya tafi gaba ɗaya, abin da ya rage mata na hira da ɗebe kewa shi ne magenta, wata fara mai baƙin tabo a kunne guda, sunanta Amarya. Tun tana 'yar mitsitsiya aka kawo ta, Gwaggo ta shafe mata ƙafafu da man shanu don ta zauna, ita kuwa ta zauna fiye da yadda aka nema, ko zaure ba ta taɓa leƙawa ba. Ni har tsokanar Gwaggo nake yi, in ce duk Rano babu wadda ta riga Amarya dabbaƙa shari'a, kullenta ya fi na matar liman. Ɓera kuwa ko ya bi ta kan wutsiyarta sai dai su gaisa. Amma fa tana da aikinta. Duk abin da Gwaggo za ta ci sai Amarya ta fara taɓawa, in baƙo ya shigo Gwaggo a jikin magen take ganewa, akwai ma ranar da ta tare ta daga taka kunama a bakin ƙofa. A taƙaice dai magen nan ita ce idon tsohuwa.

To ana cikin damina, dawa ta yi tsawo ta fi mutum, sai wani ɗan'uwanmu da ke ɗinkin katifa a Fassi, can wajen Kibiya, ya aiko a kawo masa katifar rimin Gwaggo ya sake mata ciko, don ta lotsa ta yage ta gefe. Sale Direba, mai a-kori-kurar da ke jigila tsakanin Rano da Kibiya, shi ya zo da sassafe, aka naɗe katifa aka ɗaure aka jefa a baya. Babu wanda ya san cewa a cikin yagewar nan Amarya ke shigewa in gari ya yi sanyi. Sai da rana ta yi Gwaggo ta zo shan kunu, ta kira, ta kira, shiru. Muka birkice gidan, ƙarƙashin gado, bayan randa, cikin rumbu, har rijiya na leƙa. Babu.

Washegari na tare Sale a tasha. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Injiniya, kai! Da na rage gudu a wajen kwazazzabon nan kafin a shiga Kibiya, inda duwatsun nan suke, na ga wani farin abu ya faɗa daga baya ta madubi. Wallahi na ɗauka leda ce."

Da na gaya wa Gwaggo ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Kwanon kunun kawai ta ture. Maiɗakina ta lallaɓa, na lallaɓa, maƙwabta suka shigo suka lallaɓa, ta ce, "Wadda ba ta san ƙofar gida ba, ina za ta san daji? Ruwa na dukanta, ni ina nan ina shan kunu?" Daga nan sai ruwa kaɗai take kurɓa, shi ma don ta iya salla. Jama'a, tsohuwar da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, ta daina ci. Kullum da safe in na shiga gaishe ta sai na tsaya a bakin ƙofa na ga zanen yana motsi tukuna in yi sallama.

Na rufe rumfa, na hau kekena, na dinga sintiri a hanyar nan da busasshen kifi a aljihu ina "mus, mus, mus" cikin gonakin mutane. Abin da na samu shi ne karnukan yankin kaf suka san ni, suna bina a layi kamar ɗan takara. Manoma su daina noma su jingina da fartanya suna kallona, wani har ya ce, "Baba, in amarya kake nema ka shiga gari mana, a dawa ba a samu." Na shanye. Ni na san matsalar: ko tana kusa ba za ta fito ba, domin Amarya ba ta amsa kiran kowa sai na Gwaggo, ni kam a gida ma kallon ɗan haya take min.

A nan ne fa injiniyancin ya motsa. Na ce tunda ba zan iya ɗora makauniyar tsohuwa a keke in kai ta daji ba, ai ina iya kai muryarta. Na ɗauko rikodata mai cin batir shida, na sa sabon kaset, na durƙusa gabanta na yi mata bayani. Ta girgiza kai ta ce:

"Babana, murya ba kaya ba ce da za a ɗaure a bayan keke."

"Gwaggo, ai kullum aikina ke nan. Har Makka na aika muryar mutane."

"Makka daban. Can ka san wanda zai ji."

Na ce mata ita dai ta kira, sauran aikin na masu ilimi ne. Ta nisa, ta gyara zama, ta ce, "To. Amma yadda ka ɗauke ta ka dawo min da ita." Na yi dariya, Allah Ya yafe min, na ce har da tsaraba. Na danna, ta yi kiran da ta saba: "Amarya, Amarya, taho gida. Taho, ga ni nan." Ta maimaita har ta gaji. Abin da ke cikin kaset ɗin ke nan, ba ƙari, ni na ɗauka da hannuna, na saurara, sannan na ɓalle ɗan haƙorin nan na bayan kaset, wanda in ka ɓalle shi ko ka hau kan maɓallin da ƙafa ba zai sake ɗaukar wani abu ba.

Da hantsi na fita, rikoda a rataye a wuya tana ta kira. Tun kafin in bar gari wasu samari masu sa ido a kan kiɗa suka tsayar da ni, sun ji muryar mace tana "Amarya taho," suka ce wace sabuwar waƙa ce wannan. Da na yi musu bayani babbansu ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, ya ce, "Wuce Baba, Allah Ya bayyana." Wannan ita ce dariyar ƙarshe da aka yi a ranar.

Na isa kwazazzabon rana ta kusa rabawa. Na bar titi, na tura keke ta wata 'yar hanyar shanu da ta ratsa cikin dawa ta nufi duwatsun, ina kunnawa ina kashewa ina kasa kunne. Sai ga wata tsohuwar Bafillatana da ƙwaryar nono a ka tana fitowa. Tana jin abin da ke tashi daga ƙirjina ta tsaya cak.

"Malam, kashe wannan abu. Wa kake kira?"

"Mage ce, Inna. Ta gwaggona ce ta ɓata."

"Kai ka san mage kake kira. Su sun sani?"

Na ce su wa? Ta nuna duwatsun da haɓa, ba da yatsa ba. Ta ce can kufai ne, gari ne guda a da, tun kafin kakanninta su zo da shanu, kuma ko yaransu ba sa ɗaga murya a wurin in rana ta take, balle a tsaya ana cewa taho gida, ga ni nan, da muryar wadda ba ta wurin. Na ce mata, cikin ladabi dai, wannan na'ura ce, batir ne da waya. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa maraƙin da ya nufi rijiya, ta ce, "To mai na'ura. In an kira ka, kada ka amsa." Ta yi wata magana da Fillanci ita kaɗai, ta ƙara sauri, nonon ma ba ta yi min tayi ba.

Gaskiya na so in juya, amma da na tuna kwanon kunun da aka fitar da safe ba a taɓa ba sai na ci gaba. Wurin fili ne tsakanin manyan duwatsu, da kukoki tsofaffi, da fasassun tukwane a ƙasa, da wasu duwatsun niƙa da suka lotse. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Damina fa ake, ko'ina kwaɗi da tsuntsaye da ƙwari, amma a nan ko ƙuda babu, karnukan da ke bina ma tun a bakin dawa suka tsaya suka zauna. Na jingine keke, na ƙure murya, na danna. Muryar Gwaggo ta cika wurin. Na bari ta yi kira sosai, sannan na kashe don in ji ko za a yi "miyau."

Sai na ji, "Amarya, taho gida."

Na duba maɓalli, a kashe yake. Na ce amsa-kuwwa ce, ai duwatsu ne. To amma ni na san amsa-kuwwa, ba ta jira ka gama ka huta sannan ta fara, kuma wutsiyar magana take maimaitawa, ba ta ɗauko ta daga farko. Daga tsakanin wasu duwatsu biyu take fitowa, ƙarƙashin wata kuka, wurin da duhu-duhu ko da rana. Na buɗe bayan rikoda na zazzage batiran a tafina, na tsaya ina kallonsu kamar su za su yi min bayani.

"Taho, ga ni nan."

Innalillahi. Muryar Gwaggo ce sak, har da 'yar shaƙewar nan da take yi a ƙarshen magana. Sai aka yi shiru, dogon shiru, har na fara cewa kunnena ne. Sannan a hankali, da irin muryar da take tashina sahur ina yaro, aka ce:

"Babana."

Wannan kalma ba ta cikin kaset. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa ba ta ciki.

"Babana, kai ma taho. Rana ta yi maka yawa. Taho, ga ni nan."

Ku da kuke karatu a inuwa za ku ce ai sai ka gudu. Ba tsoro ne ya fara kama ni ba, shi ne abin da har yau yake tayar min da tsigar jiki. Daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko min, na ji kamar in je in kwanta a gindin kukar nan in ɗora kai a cinyarta. Na manta makauniya ce, na manta tana Rano a kwance, na manta Bafillatana. Sai ganin ƙafafuna na yi suna tafiya, batiran suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma tun ina ɗan tatsitsi ban taɓa jin "Babana" na yi shiru ba, bakina da kansa yake cewa na'am. Na ji na'am ɗin ta taso daga ciki, ta zo maƙogwaro, leɓena ya buɗe.

Sai wani abu ya dira a bayana, ya kafa min farata a wuya. Na ƙwalla ƙara, na kai hannu, sai na ji gashi. Amarya ce! Daga cikin dawar da ke bayana ta fito, ba daga duwatsun ba. Ta rame ta zama ƙashi, duk taɓo, ta zagayo ta cusa kai cikin wuyan rigata, gashinta a tsaye, ta juya tana kallon gindin kukar tana huci irin wanda ban taɓa jin ta yi ba.

Wannan shi ya farkar da ni, ba zafin faratan ba. Magen da in Gwaggo ta yi tari a ɗaki take barin kifi ta ruga, ga muryar Gwaggo tana kiranta da sunanta, ita kuma tana neman shigewa cikin haƙarƙarina don ta ɓuya. Na ce lallai dabbar nan ta san abin da injiniya bai sani ba.

Na fara Ayatul Kursiyyu, na tsinci kaina a tsakiyar Tabbat yada, na sake farawa. Yadda na hau keken ban sani ba, hannu ɗaya a kan mage, ɗaya a kan keke, rikoda tana dukan ƙirjina, hulata da takalmi guda suna can har yau in ba a ɗauka ba. Kuma muryar ba ta yi fushi ba, ba ta ɗaga ba, da ma ta yi ihu da ya fi. A hankali take, "Babana, ina za ka? Taho mana," kuma duk gudun da nake yi nisanmu bai ƙaru ba, kamar tana zaune a kariyar keken. Ban waiwaya ba. Sai da tayata ta taɓa kwalta, wata motar itace ta wuce da hon, sannan ta ɗauke ɗif.

Bayan la'asar na shiga gida. Maiɗakina na tarar a zaure tana safa da marwa, ko magen ba ta kalla ba ta ce, "Malam, Gwaggo ba murya." Wai suna zaune wajen azahar, ta samu tana lallaɓarta da hira, Gwaggo tana cikin magana, a tsakiyar kalma, sai abin ya yanke kamar an zare wa rediyo waya. Baki yana motsi, ba sauti.

Na shiga na durƙusa. Amarya ta fice daga rigata ta haye cinyarta. Gwaggo ta shafa ta tun daga kunne har wutsiya, ta ƙirga haƙarƙarinta da yatsu, hawaye yana bin fuskarta. Sannan ta lalubo kunnena ta jawo shi har bakinta, da wata 'yar raɗa kamar iska a cikin kara ta ce, "Ka amsa?"

Ban gaya wa kowa komai ba tukuna, ku lura. Ko maiɗakina ba ta san abin da ya faru ba.

Na ce, "A'a, Gwaggo."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce a kawo kunu. Amarya ta fara lasa, ita ta shanye sauran, ta nemi ƙari. Muna cikin hamdala ta sake jawo kunnena, ta ce, "Ina ajiyata?"

Na sa sababbin batir, na mayar da kaset farko, na danna. Babu muryar Gwaggo. Daga farko har ƙarshe, gaba da baya, babu abin da ke ciki sai wata iska da ƙarar ganyen dawa yana gogar juna. Na zare kaset na duba, haƙorin a ɓalle yake yadda na bar shi. Na yi shekara da shekaru ina wannan sana'a, na san abin da kaset ke iya yi da wanda ba ya iyawa, wannan ba ya iyawa.

Gwaggo ta rayu shekaru bayan haka, da ƙoshin lafiyarta, tana ci tana sha, amma muryarta ba ta ƙara wuce raɗa ba. Likita ya ce tsufa ne da sanyi, malam ya ba da rubutu aka sha, ni dai na yi shiru. Ba ta taɓa yi min gori ba, kuma duk yadda na so ta gaya min yadda aka yi ta san an kira ni, sai ta kama shafa magenta kamar ba ta ji ba. Amarya kuwa ta koma kullenta, sai dai daga ranar in na kunna rediyo a gida sai ta shige ƙarƙashin gado. Ba ta daɗe ba bayan rasuwar Gwaggo ita ma ta bi ta.

Da a nan abin ya tsaya da na ce tsautsayi ne ya wuce. To bayan mun yi arba'in ɗin Gwaggo, Sale Direba ya zo min ta'aziyya a rumfa, ya makara don yana kan hanya. Muna hira sai ya ce, af, Injiniya, ka san makiyayan wajen Kibiya sun daina bi da shanu ta duwatsun nan? Wai in rana ta take sukan ji wata tsohuwa tana kira a kufai, shekara da shekaru, da can wata Amarya take kira. Na ce da can? Ya ce e, wai yanzu ta daina kiran Amaryar, mutum ɗaya take ta nema.

Ban tambaye shi wa ba. Shi ma bai san me ya sa na tashi na rufe rumfa da rana tsaka ba.

Tun daga ranar ban sake bin hanyar nan ba, in biki ya kama a Fassi sai in aika da gudummawa in ce ƙafa ke damuna. Ni ban ce aljani ne ba, ban ce ba shi ba ne, aji huɗu ilimina ya tsaya, Allah Shi ne masani. Amma ku 'yan zamani da kuke ɗura muryoyinku da na iyayenku a waya kuna kunnawa a duk inda kuka ga dama, a gona, a maƙabarta, a gindin kowace bishiya, ku dinga sanin wa ke saurare. In dabbarku ta ɓata ku neme ta da bakinku, in ta ƙi ku bar wa Allah. In kuma wata rana kuna wani wuri ku kaɗai, kuka ji muryar wanda kuka fi so a duniya tana kiranku daga inda bai kamata a ce yana nan ba, ku dubi abin da kare ko mage ke yi kafin ku buɗe baki.

Ni yanzu kunnena ya yi nauyi, jikokina sai sun yi kira sun gaji kafin in ce na'am, suna cewa Kaka ya kurumce. Ina jinsu sarai tun kiran farko. Jira nake in ga fuska.